Madubi Biyu a Karoo

Goma sha ɗaya cikin kwana tara.
Na gaji da ƙirga su da baki,
da ƙusa nake zanawa a ƙofar garke:
kowane zane ɗan rago ne
da dila ya yi kalaci da shi.

A Graaff-Reinet, Oom Stoffel ya shimfiɗa ƙyalle,
ya kwantar da madubai biyu kamar kayan fiɗa.
"Wannan ɗumin jiki yake gani, ba ruwansa da wata.
Wancan kuwa kala yake yi,
ya tsince ɗan hasken da taurari suka zubar,
in babu, ya kunna fitilar da ido ba ya gani.
Na farko kuɗin raguna ashirin, na biyu bakwai.
Tafi da su, Willemien, ki ba kowanne dare guda.
Ubanki bai taɓa cinye mini sisi ba."

Daren Talata na ɗaura na ɗumi a bindigar Baba,
na kwanta a gindin famfon iska.
Ashe dajin da nake cewa fayau
cike yake maƙil da garwashi.
Zomo ƙwayar wuta, beguwa dunƙulen wuta,
duwatsu na amayo ranar da suka sha,
har gurbin da tunkiya ta tashi
yana haske bayan ta tafi.

Ƙarfe biyu saura, wani fari ya ratso shinge.
Taku ɗari uku. Ƙafa huɗu, kai a ƙasa.
Na ɗora gicciye a kafaɗarsa,
yatsana ya sami kunama,
na saki rabin numfashi yadda aka koya mini.
Ba fuska. Ba launi. Farin gari da bindi.
Sai ya ɗingisa.
Ƙafar baya, ta hagu.
Kare ɗaya na sani mai wannan tafiya,
Snuif, tsohon karen Gawie makiyayi,
wanda tarko ya ci tun yana kwikwiyo.
Na zare harsashi na sa a aljihu,
har asuba ina jin sanyinsa a cinyata.

Daren Laraba na ɗaura mai kalar haske.
Duniya ta tsuke, ta koma toka-toka,
nesa ta rufe ƙofarta.
Na share kwari da shi sau arba'in
ban ga komai ba sai ƙaya da waya.
Raɓa ta sauko, fitila ta dawo mini a ido,
batir ya fara ƙifta jan ido.

Amma abin da ya matso, na san shi.
Yanyawa ta zo da kunnuwanta kamar faifai,
tana lasar gara, ba ruwanta da nama.
Jiya da farar wuta ce kawai.
Na bar ta.
Shi kuwa malam bai nuna mini ko gashi ba.
Ta bayana ya bi, inda iska ta kai masa warina.
Da safe na ƙara zane. Sha biyu.

Gawie yana ɗinkin waya da na ba shi labari,
ban faɗi na Snuif ba.
Ya ce, "Ɗaya ya ce miki akwai,
ɗaya ya ce miki wane ne.
Kakana da sawu yake yi, kyauta."
Karen na kwance a inuwarsa yana hamma.

Na mayar da na ɗumi ranar Juma'a.
Stoffel ya ce, "Za ki yi asarar raguna."
Na ce na sani.
Na ƙirga masa kuɗin bakwai,
na sayi batir biyu da ƙusoshi.

A hanyar gida na tsaya a gada,
na daɗe ina lissafin ulun bana,
ko zai kai ashirin.